Baƙin Ne Ke Fita

"To ka ɗaga rigarta ka duba mana. Ban ce ka yarda da ni ba, cewa na yi ka duba."

"Na duba jiya."

"Fuska ka duba. Bayanta nake faɗa maka."

Almu ya ci gaba da goge takalminshi, ƙafa ɗaya bisa kujera. Ma'aikacin sakatariya ne, ƙarfe takwas kuma ta kusa. Bai ɗago ya kalli matarshi ba.

"Hafsat, so kike in shiga ɗakin Hajiya da safen nan in ce mata me? In ce ba ta iya riƙon yara ba? Matar da ta riƙe mu mu bakwai?"

"Ka ce ta daina shafa mata man nan. Shi ke nan."

"Ke kam ba ki jin nauyi? Ɗiyar fari ce fa. Wa kika taɓa gani tana sa baki kan ɗiyar fari a gidan surukai? Ko sunanta bai kamata a ji a bakinki ba, balle ƙorafi."

"Yarinya ba ta barci don susa."

"Sauro ne."

"Sauro ke yin zane kamar faifai a bayan mutum?"

Ya hura takalmin, ya sa, ya ɗauki makullin mashin. A bakin ƙofa ya tsaya ya gyara hula a madubi.

"Ki kama girmanki," ya ce, ya fita.

Yarinyar shekararta huɗu. Sunan kakarta aka sa mata, Rakiya, don haka ake ce mata Ummi. Ranar da aka yaye ta aka ɗauke ta daga ɗakin Hafsat aka tsallaka tsakar gida da ita zuwa ɗakin Hajiya Rakiya. Taku goma ne tsakanin ƙofofin biyu, Hafsat ta sha ƙirga su. An ce kwana bakwai za ta yi ta manta nono. Shekara biyu ke nan. Yanzu Hajiya take ce wa Mama, Hafsat kuwa Anti. Duk unguwar Ƙofar Marusa an shaidi Hafsat da kunya, don ko faɗuwa yarinyar ta yi a gabanta, kauda kai take yi ta bar wani ya ɗaga ta.

Man ya samo asali ne daga ƙurajen zafi. Watan yaye suka feso wa Ummi a wuya, Hajiya ta aika kemis, aka kawo mata wani mai a kwali da ake ce wa uku-a-ɗaya. Kwana biyu ƙuraje suka mutu. Da a nan aka tsaya da babu labari. Amma Hajiya ta lura wurin da ta shafa ya ɗan fi sauran jiki haske.

Ita Hajiya fara ce, 'ya'yanta bakwai farare, kuma ba ta taɓa yafe wa Hafsat kalar da ta shigo da ita gidan ba. Tun ranar suna ta buɗe zanen jaririya ta duba bayan kunne, ta ce, "Tau, ta ɗebo na dangin uwa." Aka yi dariya. Hafsat ma ta yi, kanta a ƙasa.

Saboda haka ta samo roba babba ta man kaɗe, ta matse uku-a-ɗaya guda biyu a ciki, ta juya da tsinke. Safe da yamma, bayan wanka, daga goshi har ɗan yatsan ƙafa. Tana mulkawa tana yi mata kirari.

"Takwara ta gidan farare. Tsaya in fitar maki da baƙin nan, ba naki ba ne, aro ne."

Yarinya kuwa ta yi haske. Wani irin haske marar jini, mai sheƙi kamar ledar da aka ja. Jijiyoyi kore suka bayyana a gefen goshinta. Kumatu suka cika suka yi tulu-tulu alhali ƙafafu na nan sirara. Wani siririn gashi ya tsiro mata a gefen fuska. Mata masu shigowa suna cewa, "Kai, Hajiya, kin iya kiwo! Ji yarinya ta murje." Hajiya ta ce, "Yo da an bar ta can ai da yanzu sai da fitila."

Hafsat na jin su daga madafa. Ita ta ga nankarwa a cinyar yarinyar, ja-ja, irin ta mace mai ciki wata tara. A cinyar ɗiyar shekara huɗu. Ta gani ta yi shiru, don an san ta da kunya.

Sai ga bikin Madina, autar Hajiya, saura sati uku. Aka fitar da anko har na yara, leshi ruwan zuma. Hajiya ta kanga ƙyallen a hannun Ummi, ta karkata kai, ta ce bai hau ba tukuna. Ranar ta matse guda huɗu a robar.

A satin nan zanen da ke bayan Ummi ya bazu. Da ɗaya ne a ƙasan kafaɗa, ja, mai ɓawo a gefe. Ya zama uku, ukun suka haɗe, suka gangaro ƙugu suka shiga matsematsi. Ummi ta koyi goga bayanta a jikin garu kamar akuya. Ta koyi yin susa da murfin biro. In an shafa man sai wurin ya lafa rabin yini, ja ya kwanta, Hajiya ta ce, "Kun gani?" Kashegari ya tashi ya fi jiya faɗi.

Wata maƙwabciya ta ce ko makero ne.

"Makero a gidana?" in ji Hajiya. "Makero ciwon ƙazanta ne. Wannan baƙin ne ke fita. Ai ba ya fita ta daɗi. Ki tambayi duk mai shafa mai."

Ranar Laraba ta ce bakin mutane ne, ta turara mata hayaƙi. Ranar Alhamis ta ce gyaɗa ce, a hana ta ƙuli. Man dai ba a taɓa tuhumarshi ba. Shi kaɗai ne mai gaskiya a gidan.

Ranar Asabar Hajiya ta tafi Ƙofar Kaura rabon katin biki, ta ce sai la'asar. Hafsat ta tsaya a tsakar gida tana kallon yarinyar na goga baya a turmi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zari hijabi.

"Ke, zo mu je."

"Ina, Anti?"

"Sayen alewa."

Asibiti ta kai ta. Likitar fata mace ce, ba ta wuce sa'ar Hafsat ba. Ta ɗaga rigar Ummi ta duba bayan. Ta juya yarinyar, ta duba cinya, ta taɓa kumatu, ta ja fatar hannu a hankali ta saki.

"Ke ce uwarta?"

Bakin Hafsat ya riga ta. "Ɗiyar gidanmu ce."

Likita ta dube ta ta saman tabarau. Ta tambayi abin da ake shafa mata, da tun yaushe. Da ta ji shekara biyu sai ta ajiye biro.

"Bari in faɗa maki yadda za ki iya maimaitawa a gida. Fatar mutum ba fili ba ce fayau. Akwai ƙananan halittu zaune a kanta, ba su ƙirguwa, ido ba ya ganinsu. A jikina akwai su, a jikinki akwai su."

"Ƙwayoyin cuta?"

"Haka muke ce masu, don ba mu da wani sunan. Amma yawancinsu ba cuta suke ba. 'Yan gida ne. Su ke cike wuri, su hana mugu samun wurin zama. Man nan magani uku ne a haɗe. Biyu kisa suke yi, kuma ba su tambayar wane ne ɗan gida. Na ukun shi ke kwantar da garkuwar fata, ya sirantar da ita, shi ne hasken da kuke gani. An yi shi don kwana kaɗan, a wuri kaɗan. Ku kun yi shekara biyu kuna korar masu gadi. Makero ya zo ya tarar da gida ba kowa, ƙofa a buɗe. Man na ɓoye jan, shi kuma yana ci ta ƙasa."

Hafsat ta kalli Ummi, wadda ke wasa da murfin biron likita.

"Kumatun nan ma ba ƙiba ba ce. Maganin ya ratsa fata ya shiga jini. Kada a ƙara shafa mata haɗin nan. Ga na sha, ga na shafawa, shi kaɗai, a kan zanen kawai. Wanka da ruwa da sabulu marar ƙarfi. Kada a sa mata komai mai kisa, ko na wanke ciwo ne, a bar 'yan gidan su dawo. Ranar Litinin ki dawo da ita da robar man, akwai gwajin jini. Kin ji ni?"

"Na ji."

Ta ji ɗin. Amma suruka ba ta tsallaka taku goma ta koya wa uwar miji wanka. Da Almu ya dawo ta zaunar da shi ta maimaita mashi tun daga farko, 'yan gida da masu gadi da ƙofa a buɗe. Ya fara da faɗan fita ba izini. Da ya gaji ya karɓi ledar maganin, ya ce zai yi magana.

Bayan la'asar ya yi. Hafsat na bakin madafa tana tsince shinkafa, kunnenta na can. Ya durƙusa gefen tabarmar Hajiya, ya yi gaisuwa, ya tambayi mutanen Ƙofar Kaura gida-gida, ya yi zancen kujerun haya da na masu abinci. Can ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa:

"Dama na sa an kai Ummi asibiti, saboda susar nan."

"Ka sa an kai ta. Wa ya kai ta?"

"A'a, dama hanya ce ta biyo." Ya shafa ƙeya. "Likita ta ce wai ƙwayoyin cuta ne a fatarta."

"Me?"

"Ƙwayoyin cuta. Wai sun yi yawa. Ga magani ta bayar."

Hafsat ta jira sauran. Ta jira maganar mai. Almu ya gyara zaman hularshi, ya ce bari ya leƙa masallaci.

Digiri gare shi. Ya fahimci kowace kalma da aka faɗa mashi. Ya dai auna su ne, ya zaɓi guda biyun da ba za su ɓata wa mahaifiyarshi rai da shi ba.

"Ƙwayoyin cuta," Hajiya ta maimaita, da ƙarfi, fuskarta na duban madafa. "A jikin takwarata. Yo ba dole ba, tunda an fara jan ta ana kai ta ɗakunan da ba a sharewa. Ni kau na san maganin ƙwayoyin cuta."

Ledar asibiti ta tura ƙarƙashin gado. Ta aika aka sayo mata kwalbar ruwan nan mai warin asibiti, wanda ake ɗiga kaɗan a bokiti ruwa ya koma fari kamar madara. Hajiya ba ta ɗiga ba. Tuttulawa ta yi. Ta kawo sabon soso.

Ihun farko ya sa tattabarun maƙwabta suka tashi.

"Mama, zafi! Mama, wuta!"

"Tsaya, don ƙaniyarki. Su ne ke mutuwa. So kike a yi biki kina susa kamar mai ƙazwa?"

Hafsat na tuƙa tuwo. Ta ci gaba da tuƙi. Muciya na juyawa, ihu na shigowa ta taga, hawaye na ɗiga a gefen tukunya suna ƙonewa. Ba ta fito ba. Tuwon ranar ko gudaji ɗaya babu, har Hajiya ta yaba.

Bayan wankan aka shafe ta da man, don wurin ya lafa.

Litinin ta zo ta wuce. Ranar aka yi jeren ɗakin amarya, wa zai ba da yarinya a kai asibiti? Hafsat ta tare Almu a zaure.

"Ba haka na faɗa maka ba."

"Ai na faɗa mata abin da likita ta ce."

"Rabi ka faɗa."

"Ki bari a gama bikin nan. Kwana nawa ne? In an watse sai in zaunar da ita a tsanake."

"Fatarta ta fara ruwa."

"Hafsat, mutane na shigowa. Sassauta murya."

Wanka biyu a rana, kwana goma sha ɗaya. Ummi ta daina ihu a kwana na shida, sai wani nishi kamar na ɗan akuya. Ta daina susa, don wurin ba ya taɓuwa. Tana kwana rub da ciki. In ta ji ƙarar bokiti sai ta shige bayan buhun gero. Hajiya ta ce ƙiwa ce, ta gado. Wari ya fara tashi daga jikinta, aka ƙara turare.

Ranar yinin biki gidan ya cika tun hantsi. Leshi ruwan zuma ko'ina, tukwane a kan murhu shida, mai hoto na yawo. Tun safe aka sa wa Ummi nata ankon, aka shafa mata hoda, aka zaunar da ita a kujera kusa da ƙofar Hajiya inda kowa zai gani. Ba ta motsa ba. Idonta ya yi ja, leɓenta ya bushe.

"Tubarkalla, Hajiya, wannan kamar Balarabiya!"

"Ga hankali. Ji yadda ta zauna shiru."

Wajen azahar aka ce yara su canza kaya don hoton dangi. Hajiya ta jawo Ummi tsakiyar mata, ta zuge zif, ta ja rigar sama. Rigar ta ƙi. Ta manne. Hajiya ta yi tsaki ta fizga.

Leshin ya fito da fatar bayan.

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Bakinta ya buɗe, sauti bai fito ba. Daga kafaɗa zuwa ƙugu jan nama ne, da ruwan ɗiwa a gefe-gefe. Mata suka ja da baya suna salati. Wata ta ce kambun baka ne, tun safe ake yabonta. Wata ta ce leshin bana kaifi gare shi.

"Ba komai, ba komai," in ji Hajiya, tana waige-waige. "Saɓa ce take yi, na ƙasan ya fi kyau. Ke, miƙo mani robar man nan bisa taga."

Aka miƙo. Ta buɗe, ta lakato da yatsu uku.

Hafsat ba ta san ta ajiye ludayi ba. Ta dai ga kanta a tsakar gida, tana ratsa leshi da sarƙoƙi. Taku goma. Ta buge robar daga hannun Hajiya, ta yi sama ta kife a kan siminti.

"Rakiya," ta ce. "Taho wurin uwarki."

Gidan ya yi tsit. Har mai hoto ya sauke kyamara.

Ba bayan yarinyar ne ya kashe masu baki ba, wannan sun riga sun samo mashi dalili. Sunan ne. Suruka ta kama sunan uwar mijinta, gatsau, a gaban dangi, ranar biki. Kuma ta kira ɗiyar fari tata.

"La'ilaha illallahu! Kun ji abin da na ji?"

"Ashe kunyar ta ƙarya ce."

"'Yan zamani ke nan. Ido a tsakar ka."

Hafsat ta ɗauki yarinyar ta kifa ta a ƙirji, don bayan ba ya goyuwa. Jikin kamar garwashi. Ta bi ta zaure, ta wuce Almu da abokanshi a kan tabarma suna cin shinkafa. Ya miƙe da cokali a hannu.

"Ina za ki? Hafsat! Mutane na kallo!"

Ta tare napep a bakin titi.

Likitar ta duba bayan, ta kira ma'aikaciyar jinya da ƙarfi, aka kawo ƙarin ruwa da allura. Sai da aka gama ɗaurawa ta juyo.

"Litinin na ce. Litinin biyu sun wuce." Ta sunkuya ta shinshina gashin yarinyar. "Da me aka yi mata wanka?"

Hafsat ta faɗa.

Likita ta ɗauki biro. "Na sake tambayarki. Ke ce uwarta?"

"Ni ce."

Ta faɗa daidai wannan karon. An rubuta a kati. Hakan bai mayar da fatar ba.

Kwana uku zazzaɓi na sama. A na huɗu ya sauka. A ranar, da hantsi, Hajiya ta zo, da mayafi mai tsada da kular farfesu, Almu na biye da ita riƙe da ledar lemu. Ta zauna a kujera ɗaya tilo da ke gefen gadon. Ba ta kalli Hafsat ba.

"Sannu, likita. Ya mai jiki? Ƙaddara ce, ba a tsallake ta. Ni dai Allah ya gani, tun da aka ce mani kin ce ƙwayoyin cuta ne ban huta ba. Safe da yamma nake kashe su."

"Wa ya ce maki na ce a kashe su?"

Hajiya ta dubi Almu. Almu ya dubi takalminshi. A goge yake, yana ɗaukar ido.

"Cewa na yi a daina man," in ji likita. "Na ce a bar fatar ta huta. Ciwon ya shiga jini, saura kaɗan ku rasa ta. Za ta warke, in sha Allahu, amma bayan nan zai bar tabo har girmanta. Kuma in fatar ta dawo, za ta fi da duhu."

"Duhu?" in ji Hajiya. A nan ne muryarta ta yi rawa.

Likita ta dube ta, ta rataya abin awonta a wuya, ta wuce gado na gaba.

Hajiya ta gyara mayafi. "Su likitocin yanzu ba su da ladabi. Mu da muka riƙi bakwai ba asibiti." Ta juya ga ɗanta. "Maganar abin da aka yi mani gaban mutane kau, na bar ta sai an koma gida. Ba a asibiti za a yi ta ba. Amma za a yi ta."

"Za ta ba ki haƙuri, Hajiya," in ji Almu. "Ruɗewa ce."

Hafsat ta matso kusa da gadon. Hannunta na kan ƙafar yarinyar, a fili, inda kowa ke gani.

Ummi ta motsa. Tana kwance rub da ciki, an lulluɓe bayan da farin bandeji. Ta buɗe ido ta ga mayafin da ta sani. Ta ɗaga hannu a hankali, wanda ba allura, ta juya shi tana dubawa, gaba da baya, kamar yadda ta ga ana yi mata kullum bayan wanka. Sannan ta miƙa shi wajen kakarta.

"Mama," ta ce, murya a dishe, "baƙin ya gama fita?"